Yadda Ake Haɗa Rubutu, Kiɗa da Wasan Kwaikwayo a Sakandare Cikin Zango Ɗaya

A makarantu da dama na jihohin Zamfara da Kebbi ba a tunawa da ƙungiyar wasan kwaikwayo sai ranar rabon kyaututtuka ta rage mako biyu. Nan ne za a tattaro yaran da suka fi surutu a aji, a ce su ƙirƙiro wani abu, a ari kalangu ranar taron da safe. Sakamakon kowa ya san shi: hayaniya, dariyar mintuna biyar, sai baƙi su koma hirarsu. Maganin wannan shi ne a daina kallon rubutu da kiɗa da wasa a matsayin ƙungiyoyi uku masu zaman kansu. A ba su aiki guda: marubuta su rubuta wasan, mawaƙa su yi masa waƙa, 'yan wasa su hau dandamali da shi. Wasan minti 30 ya isa, kuma mako 10 ya wadatar idan ana haɗuwa sau biyu a mako, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kowane zama.

Zangon farko ya fi dacewa. Ana farawa ruwa na ɗaukewa, a gama a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba kafin jarrabawa. A zango na biyu zafin Maris da Afrilu kan kashe gwajin yamma, na uku kuma jarrabawar WAEC da NECO ta kwashe 'yan ajin ƙarshe, ga hadari da kan taso ana tsakiyar wasa. A duba kalanda a ga inda azumi ya faɗa, domin kowace shekara yana matsowa da kamar kwana 11. Manyan matsayi a ba 'yan aji ɗaya da aji biyu na babbar sakandare, su ne za su rage a makaranta su koya wa na baya.

Kafin a buga ganga ko sau ɗaya

A sami amincewar shugaban makaranta a rubuce, sannan a aika wa iyayen kowane yaro takarda mai bayanin ranaku, lokacin tashi, da abin da yaron zai yi. Akwai gidajen da za su ce ɗansu ba maroƙi ba ne, kuma ba daidai ba ne a raina wannan magana. Amsarta tana cikin tsarin ƙungiya: babu liƙi, babu yi wa baƙo kirari don ya ba da kuɗi, babu rawar maza da mata tare. Wanda iyayensa ba su yarda ya taɓa ganga ba, ga rubutu, ga kula da kaya, ga tunasar da 'yan wasa. A makarantar da maza da mata ke haɗe, lallai a sami malama mace a kowane gwaji. Tun bayan sace ɗalibai da aka yi a Jangebe da Birnin Yauri a 2021, zancen gwajin dare ko taron dare bai ma taso ba. A tashi da sauran rana, 'yan jeka-ka-dawo su isa gida kafin magariba.

Mako 1 zuwa 3: rubutu

Marubuta kada su wuce 8 zuwa 12. Idan suka fi haka, rabinsu 'yan kallo ne. Kowa da littafinsa na daban, ba na darasi ba.

Aikin farko na kunne ne. A tura kowa kasuwa, ko tasha, ko bakin rijiya, ya dawo da jimloli 10 da ya ji da kunnensa, ya rubuta su yadda aka faɗe su, ba gyara. Ɗan Talata Mafara ga kasuwar Talata, ɗan Jega ga 'yan albasa, ɗan Argungu ga masunta a bakin Matan Fada. Idan aka karanta su a zama na gaba, yara da kansu za su gane cewa mutane ba sa magana da dogayen jimloli irin na insha'i. Suna katse juna, suna amsa tambaya da tambaya, suna zagaye abin da ke ransu. Wannan shi ne harshen wasa.

Daga nan sai zaɓen labari. Idan aka bar yara, kusan kullum abin da suka gani a fim za su kawo: Alhaji mai kuɗi, gidan bene, auren dole, boka. A tambaye su: a unguwarku wa ya bar makaranta bana, kuma me ya fitar da shi? Nan labarai na gaske ke fitowa. Yaron da ya bi haƙar zinariya, yarinyar da talla ta hana zuwa jarrabawa, iyalin da suka baro ƙauye suka sauka gidan dangi a Gusau, manomin shinkafa da ambaliya ta cinye gonar da ya ci bashi a kanta. Masu son tarihi ga Kanta da ganuwar Surame, ga zaman Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, sai dai wasan tarihi yana cin tufafi da bincike, kuma kuskure ɗaya a jerin sarakuna zai sa wani dattijo ya miƙe a cikin taro. Wanda ya zaɓe shi ya kai marubutan gidan tarihi na Kanta a Argungu ko wurin masanin garin tukuna.

Ma'aunin labarin da zai yi wasa guda ne: mutum ɗaya yana son abu ɗaya, wani yana hana shi, kuma kowannensu yana da hujja. Idan mai hanawa mugu ne kawai, wasan ya mutu tun fitowa ta farko. Ɗauki labarin zinariya. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun ma'adini a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da hannayen ƙananan yara. Sabon marubuci zai sa uba ya miƙe ya ce ilimi gishirin zaman duniya ne, kada ɗansa ya bar makaranta. Babu wanda zai saurara. A gwada haka: yaro ya ajiye kuɗi a kan tabarma, uban ya ƙirga sau biyu.

UBA: Wanga kuɗi na kwana nawa na?
ƊA: Kwana ukku, Baba.
UBA: (ya yi shiru) Ni ko damana guda ban tara haka ba.
UWA: (daga bakin ƙofa) Malam, kana ƙirgar kuɗi, auta ko ya kwana murɗar ciki tun da anka fara niƙan duwatsun ga cikin gida.

Layi huɗu, ba wanda ya yi wa'azi, amma kowa a filin ya san uban yana cikin tsaka mai wuya. A lura kuma da harshen. Maganar 'yan wasa a bar ta da karin harshen gida, Zamfarci ko Kabanci, da "anka" da "wanga" da "mi kaka so", domin shi ke sa 'yan kallo su ji nasu ne. Bayanin da ke cikin baka da duk wani zube a yi shi da daidaitacciyar Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ a inda suke, da raba kalmomi daidai, tunda ita za su rubuta a jarrabawa.

Tsawon rubutu: wasan minti 30 mai waƙa biyu ko uku bai kamata ya wuce kalmomi 3,000 ba. A kasa shi fitowa 5 ko 6, wurare kada su wuce 3, masu magana kada su wuce 8. A raba fitowa ga marubuta bibbiyu, sannan mutum ɗaya ya haɗe su ya daidaita murya, in ba haka ba uban da ke da sanyin hali a fitowa ta 1 zai zama mafaɗaci a ta 4 ba dalili. A karanta da ƙarfi, ana duba agogo. Duk jawabin da ya wuce layi 5 a raba shi ko a datse.

Abu biyu malami zai tsaya a kansu ba sassauci. Na ɗaya, zambo. Yara sun ƙware wajen kwaikwayon tafiyar wani malami ko muryar wani mai unguwa, filin zai ɗauki dariya, ƙungiyar kuma ba za ta kai zango na gaba ba. Na biyu, ba'ar ƙabila. Wasan da ke mai da Bafulatani wawa ko ɓarawo, ko ya kwaikwayi Hausar Badakkare don dariya, a wannan yanki da wannan lokaci wasa da wuta ne, kuma a benci ɗaya da ɗan wasan akwai yaron da ake nufi.

Labaran da ba a zaɓa ba kada su tafi a banza. A kafa jaridar bango a allon sanarwa, kowane mako biyu a liƙa gajeren labari ɗaya da waƙa biyu, da sunan marubuci da ajinsa. A riƙa sa yaro ya ba da labarinsa da baki kafin a liƙa, domin wanda ya kwafo daga littattafan da ke yawo a WhatsApp ba ya iya amsa tambaya ta biyu a kan tauraronsa.

Waƙa da kiɗa

Wannan ƙasa ba ta rasa abin koyi ba. Tsarin da makaɗan kotso irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka yi aiki da shi, wato jagora da 'yan amshi, gindin waƙa da ɗiyanta, shi ne mafi sauƙi ga makaranta. Gindi layi biyu ne da kowa zai iya kamawa a ji na biyu. Jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su koma gindi. Jagora ɗaya, 'yan amshi 6 zuwa 8, makaɗa 3. Waƙa uku sun isa: ta buɗewa, ta tsakiya inda al'amari ya rikice, da ta rufewa. Kowace kada ta wuce minti 2. Amfanin gindin kuma shi ne cike gurbin canjin fitowa, ana kwashe tabarma ana kawo benci, amshi na tafiya, 'yan kallo ba su samu zarafin fara hira ba.

Wanda zai rubuta baitoci ya san abu biyu. Amsa-amo shi ne mai sauƙin: a ƙwar biyu, wato waƙa mai layi biyu a kowane baiti, ɗango (layi) na biyu na kowane baiti ya ƙare da gaɓa ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Mai wuyar shi ne awo. Yara kan ƙirga gaɓoɓi su ga sun yi daidai, amma in an zo rerawa sai layi ya yi tuntuɓe. Dalili shi ne gaɓar Hausa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi, kuma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Gaɓa mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi tana da nauyi, mai gajeren wasali ba ta da shi. "Makaranta" biyun farko marasa nauyi ne, biyun ƙarshe masu nauyi. "Zamfara" ta farko ce kawai mai nauyi. Hanyar koyarwa ita ce tafi: a rera ɗangon farko ana tafa hannu har karin ya zauna, sannan a ɗora kowane ɗango a kansa. Inda mawaƙi ya ja wasalin da ba a ja, ko ya haɗiye gaɓa don ya cim ma tafi, a canza kalmar, kada a tilasta mata. Haka kuma idan karin ya hau sama a inda kalmar ke sauka a magana, kunnen Bahaushe zai ji wani abu daban. A fara faɗin layin a matsayin magana, sannan a nemi karin da ke bin hawa da saukarsa.

Kayan kiɗa: kalangu 2 da ƙaramar ganga ɗaya mai riƙe taki sun wadatar. A makarantar 'yan mata kiɗan ƙwarya ya fi sauƙi da arha: babbar ƙwarya a kife a kan ruwa cikin baho tana ba da murya mai zurfi, ƙanana biyu a kife a kan tsumma a buga su da 'yan sanduna, ga shantu, ga tafi irin na gaɗa. Inda iyaye suka fi natsuwa da mandiri, a yi da shi, inda kuma ba a son kiɗa sam, murya da tafi suna ɗaukar wasa. Tambari da kakaki na sarauta ne, ba a kawo su makaranta don ado.

A nemi makaɗin gari ya zo sau 3 ko 4, a biya shi haƙƙinsa, ya nuna riƙon kalangu a hammata, yadda ake matsa tsarkiya murya ta hau, a saki ta sauka. Kuskuren sabon makaɗi biyu ne: bugu da dukan ƙarfinsa, da ƙara sauri ba tare da ya sani ba. Ganga mai riƙe taki a ba yaro mafi natsuwa, ko da ba shi ne gwani ba. Doka kuma ita ce idan jagora ya buɗe baki, kiɗa ya sauka ƙasa. Fata tana jin yanayi: da danshi takan saki, muryar ta mutu, sai a shanya ta a rana minti 10 zuwa 15 kafin wasa. Da hunturu takan bushe ta ɗaure, bugu mai ƙarfi ya fasa ta, don haka a ajiye fatar canji da tsarkiya tun da wuri, kada a bar kalangu a rana tsakar fili ana jiran baƙi.

Mako 4 zuwa 9: gwaji

A mako na 4 a zaɓi 'yan wasa. Kada a zaɓa a cikin aji. A fita fili, malami ya tsaya taku 25 daga yaro, ya ba shi layi uku ya karanta. Wanda ba a ji shi ba, komai iya kwaikwayonsa, ba zai riƙe babban matsayi ba tukuna. Manyan matsayi uku kowanne a yi masa mutum biyu, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya duba ranar wasa. A naɗa ɗalibi ɗaya mai riƙe littafin wasa: shi ke rubuta inda kowa ke shiga da fita, shi ke tunasarwa idan an manta, shi ke da jerin kaya.

Kowane gwaji a buɗe shi da minti 10 na murya. A ja numfashi har ciki ya taso, ba kafaɗa ba, a sake shi a hankali ana ƙirga 1 zuwa 15. Sai karya-harshe irin su "turmi ture kura, kura ture turmi", a hankali da farko, kowane baƙi ya fito. Ɗaga murya daban, ihu daban: mai ihu daga maƙogwaro muryarsa za ta dishe kafin mako ya ƙare, balle da ƙurar hunturu. Ruwa mai ɗumi, ba mai ƙanƙara ba.

Mako na 5 da na 6 na tsayuwa da motsi ne, takarda a hannu. A zana girman dandamalin a ƙasa da toka, mita 6 a faɗi, 4 a zurfi, a yi gwaji a cikinsa tun ranar farko. Kurakuran da za a yi ta gyarawa sanannu ne: juya wa 'yan kallo baya, jeruwa a layi ɗaya kamar masu jiran a ɗauke su hoto, tsayawa a gaban mai magana, da lilo da jiki saboda tsoro. Mutum biyu masu magana su tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya na fuskantar jama'a. Zama a tabarma yana ɓoye ɗan wasa ga duk wanda ke bayan layi na uku, don haka muhimmiyar magana a yi ta a tsaye ko a kan kujera. Kowa a ba shi abin yi da hannu: tsintar shinkafa a faifai, gyaran ƙotar fartanya, jan carbi. Hannun da ke da aiki ba ya rawa.

Ƙarshen mako na 6 a ajiye takarda, ba ɗaga ƙafa. Yaran da suka saba hadda ba sa shan wuya, sai dai sukan kawo karatun da rauji ɗaya. Maganinsa a sa yaro ya faɗi ma'anar layin da kalmominsa, sannan ya koma na rubutun. Kowa ya haddace ƙarshen maganar wanda ke gabansa, domin yawancin shirun da ake yi a dandamali ba mantuwar layi ba ce, rashin sanin lokacin shiga ne. A koya musu kuma su dakata idan aka yi dariya, in ba haka ba layin da ke biye ya ɓace.

Mako na 7 da na 8 makaɗa su shigo. Mako na 9 a yi wasan daga farko zuwa ƙarshe sau biyu ba tsayawa, da agogo. Idan ya kai minti 40, a yanke, kada a ce za su yi sauri ranar.

Dandamali, kaya da ranar wasa

Barandar aji mai tsawo ta fi teburan da aka jera, waɗanda kan rabu ƙafar yaro ta faɗa tsakani. In dole sai an haɗa, a sa kafinta ya shimfiɗa katako a kan bencina ya buga ƙusa, tsayi kamar rabin mita, malami ya hau ya yi tsalle a kowace kusurwa kafin yaro ya taka. Bayan dandamali a ɗaura zannuwan gado 3 masu launi ɗaya a igiya, a ɗaure duwatsu a ƙasansu saboda iska, a bar ƙofa dama da hagu. Idan bayan la'asar za a yi, jama'a su ba yamma baya, hasken ya sauka a fuskar 'yan wasa. In aka juya, inuwa kawai za a gani.

Tufafi aro ne daga gida, a rubuta sunan mai kowane kaya a jeri. Gemu da auduga ko zaren buhu, a manna da ƙaro da aka jiƙa, kada a kusanci fuskar yaro da gam ɗin gyaran takalmi. Furfura da hoda, tamoji da gawayi, jini da zoɓo mai kauri. Wuƙa ta kwali. Bindigar wasa, kakin soja, rufe fuska da rawani, da ƙarar harbi a lasifika duk a bar su: wanda ke bayan katanga bai san wasa ake yi ba, kuma gudu ɗaya ya isa a tattake yara. Idan labarin ya taɓa hari, a kawo shi ta bakin wanda ya tsira.

Jama'ar da ba ta wuce 200 ba murya ta isa. Idan sun fi haka, a kafa makirufo 2 a kan sanda a gaban dandamali maimakon miƙa guda hannu zuwa hannu, wanda ke kashe wasa. Lasifika su kasance gaba da makirufo suna kallon jama'a. Kukan da na'ura ke yi yana faruwa ne idan makirufo ya jiyo lasifikarsa, sai a rage ƙara ko a matsar da ita. Janareta a kai shi bayan gini, aƙalla mita 20, a cika masa mai, a gwada shi ranar gwajin ƙarshe da tufafi da komai, kwana biyu kafin taro.

A roƙi mai gabatarwa ya sa wasan kafin dogayen jawabai ko a tsakiyarsu, domin in aka bar shi ƙarshe manyan baƙi sun tafi, rana ta faɗi. 'Yan wasa su ci abinci awa 2 kafin lokaci, su shirya a aji ɗaya kusa da dandamali, kada kowa ya leƙo. Mai littafi ya zauna bayan labule ta gefen da aka fi shiga.

Washegari a mayar da kayan aro bisa jerin, a sassauta tsarkiyar kalangu a rataye shi a ɗaki marar danshi inda ɓera ba ya kaiwa. A zauna da yara rabin awa, kowa ya faɗi inda jama'a suka yi tsit da inda suka fara hira, a rubuta a gefen littafin wasa. A yi kwafi 2 na rubutun da waƙoƙin, da sunayen marubuta da shekara, ɗaya a laburare, ɗaya a ofishin shugaban makaranta, sannan a zaɓi shugabannin zango mai zuwa daga cikin 'yan aji ɗaya kafin a tafi hutu.